MXToolbox: mai gano dalilin da imel ke faɗawa jakar spam

Idan saƙonnin ma'aikatarku ba sa isa akwatin mutane, a shafin intanet na MXToolbox za ka fara dubawa, kuma binciken kyauta ne. Rubuta sunan domen (sashen adireshin imel da ke bayan @), ya fito maka da rikodin SPF, wato jerin sabobin da aka yarda su tura saƙo da sunan domen. A nan ya fi burge ni: yana kama domen mai rikodin SPF biyu, da wanda tambayoyinsa na DNS (kundin adiresoshin intanet) suka haura 10, kowanne kuwa yana lalata SPF. DKIM kam, wato sa hannun dijital da ke kan saƙo, sai ka ba MXToolbox selekta (sunan da ake nemo makullin DKIM da shi), na Google Workspace galibi "google" ne. DMARC, wato ƙa'idar abin da za a yi da saƙon da bai tsallake SPF da DKIM ba, a fara da p=none (sa ido kawai), a karanta rahotanni kafin a tsananta. Tun Fabrairun 2024 Gmail ta wajabta DMARC ga masu tura saƙo sama da 5,000 a rana zuwa akwatunan Gmail. Aibin MXToolbox ɗaya, gargaɗi ya yi yawa, sai ka tsince mai muhimmanci da kanka.