Littafin da kerkeci ke ba da nashi labari, ko na Gizo, wanne za ki saya ma yaro?

Uwayen yara na Yamai masu tambaya kan littattafan nan da ake juya tatsuniya, wato a ba mugun cikin labari baki shi ma ya faɗi nashi, ku duba wannan kafin ku fidda kuɗi.

Akwai na Faransanci masu hotuna da ake kawowa daga waje. Wallahi suna da kyau, takarda mai kauri, zane sai ka ce ka lasa, amma da tsada, kuma in yaro bai san asalin labarin ba to kuɗinki kika zubar. Ɗauki yarinyar nan mai jar hula. Charles Perrault ya buga labarinta a Faransa a 1697, a nashi kerkeci ya cinye kaka ya cinye jika shi ke nan labari ya ƙare, sai ƴan uwan nan Grimm na Jamus a 1812 suka sa maharbi ya tsaga cikin kerkecin ya fiddo su da rai. To littafin da kerkeci ke rantsuwa ƙazafi aka yi mishi, kan waɗannan yake tsaye, yaron da bai taɓa jin su ba bai ma san inda zai yi dariya ba, ƙarshe ya ɗauka kerkeci mutumin kirki ne. Ki fara sayen na asalin, ana samun na hannu wajen masu baza littattafai ƙasa a gefen babbar kasuwa, ki ƙirga shafuka dan Allah kada a ba ki mai yagaggen ƙarshe. Juyayyen ki bari sai yaro ya kai CE2, wato aji huɗu na firamare, ya fara karatu da kanshi. Wasu juyayyun kuma kan tatsuniyar Turawa ta aladu uku da kerkeci aka gina su, in gidanku ba a so ki buɗe ki gani tun a shago.

Na waya, bidiyo da su katun, araha ne amma suna shan mega kuma yaro kallo kawai yake.

Ni dai wanda na fi so ki saya shi ne littafin tatsuniyoyin Hausa irin masu zuwa daga Kano da Zariya. Hotuna kaɗan ne, takardar ma ba ta jure hannun yara, in yaro ya ga 'y kada ya rikice, ƴ ɗinmu ce ta Nijar. Amma Gizo da Ƙoƙi da kura ya riga ya san su tun a bakin kaka, juyawar ke za ki yi da bakinki. Ku karanta, kashegari da dare ki ce gatanan gatananku, yau kura ce za ta faɗi yadda Gizo ya cuce ta, ki bar yaran su yi mata lauya. Za ki ji gardama har da wanda ba ya magana a lakwal.

In kuɗin guda ɗaya gare ki, na Gizo. In da ragowa ki ƙara na asalin mai jar hula, juyayyen ya jira baɗi.