Kyamarar ɗaurawa a bishiya: galago ya fi ta sauri

Na sayi kyamarar nan ƙirar China ne don in ga da wane hannu galago yake cafke ƙwaro. Galago ɗan birin dare ne mai dara-daran idanu, nauyinsa bai wuce gram 200 zuwa 300 ba, kuma akwai shi a dazukanmu inda itatuwan ƙaro suke. Tun 1987 wani masani mai suna Peter MacNeilage da abokan aikinsa suka kawo ra'ayin cewa kakannin birai da hannun dama suke riƙe reshe, da hagu suke kai wa abinci cafka. A cikin mutane kuwa kusan ɗaya cikin goma ne bahago. Ina so in gani da idona a bayan gonarmu ko galago ma da hagu yake cafka.

Jikin kyamarar lafiya lau. Batir takwas ƙanana take ci, suna jimawa, raɓa ba ta shiga, ƙurar hunturu ma ba ta dame ta ba. Hasken da take ɗauka da shi cikin duhu ba ya razana dabba, hoton baƙi da fari ne amma yana fita tas, sai dai idanun galago su yi fau kamar fitilar babur.

Matsalar sauri ce. Sai ta ji motsi sannan ta farka, shi kuwa galago kafin nan ya gama. Hotuna da yawa jela kaɗai na samu, wasu reshe ne yana lilo. Bidiyo ya fi, amma daidai lokacin cafkar hannun yakan zama dishi-dishi. Na ɗaure ta kusa da inda ƙaro ke tsatsowa, nan ya fi daɗewa, to amma ƙaro da haƙoran ƙasa yake kankara ya lashe, hannayen biyu na kan itace. Ba abin da za ka ƙirga.

Inda ta biya ni shi ne da na matso da ita kamar taku biyu daga reshe, na bar ta a bidiyo. Akwai wani mai yagaggen kunne da na gani sarai yana damƙe fara da hagu, damansa na maƙale. Ɗaya dai ba hujja ba ce.

Mai son sanin abin da ke shiga gonarsa da dare ya saya. Ɗalibin da zai ƙirga hannu ya ƙara kuɗi ya nemi mai saurin farkawa.