Injin ƙyanƙyasa mai ɗaukar ƙwai 56: abin da na gani a hunturu ɗaya

Tun ina yarinya a gidanmu na Zariya ba mu taɓa rabuwa da kaji ba. Inna ce mai kula da su. Idan kaza ta yi kwanci sai ta gyara mata gurbi a lungun ɗakin girki, bayan mako uku mu ga ta fito da 'ya'yanta a baya. Da na yi aure na ci gaba da kiwon a haka, amma abin da ya dame ni shi ne kaza ɗaya ba ta rufe abin da ya wuce ƙwai goma zuwa sha biyu, kuma muddin tana kwanci da reno ta daina saka ke nan na tsawon watanni. Wannan ne ya sa bara, da kuɗin adashi ya zo kaina, na sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa, irin na roba ɗan Chana mai ɗaukar ƙwai 56, wanda ke aiki da wutar gida da kuma batir. Na yi zubi biyu a cikinsa, ɗaya a Disamba ɗaya a ƙarshen Janairu, duk a tsakiyar hunturu.

Wajen riƙe zafi ban da ƙorafi a kansa. Ƙwan kaza na buƙatar zafi kusan digiri 37.5 na tsawon kwana 21, kuma na saita shi a haka ya tsaya, ba ya hawa ko sauka fiye da ɗan abin da ba a rasa ba. Yana da ƙaramar fanka da ke zagaya iska, yana kuma juya ƙwan da kansa duk bayan awa biyu, wanda shi ne aikin da uwa ke yi da baki da ƙafa don kada ɗan tayin ya manne a jikin ɓawo. Idan aka ɗauke wuta yana komawa kan batir. Maigida ya haɗa mini shi da batirin mota, kuma akwai daren da ya riƙe shi tun daga isha'i har asuba. Shawarata ga duk wanda ya saya, kada ya yar da farin soson nan da aka kunso injin a ciki. A daren Disamba, lokacin da sanyi ke ratsa bango, mayar da injin cikin soson ne ke rage masa wahala, batir ma ya fi daɗewa. A dai bar ramukan shan iska a buɗe, domin abin da ke cikin ƙwai numfashi yake yi.

Inda ya ba ni kunya shi ne wajen danshi, kuma a nan zan daɗe, don a nan na yi asara.

Takardar da ta zo da shi ta ce a riƙe danshi tsakanin kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwanaki 18 na farko, sannan a ɗaga zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe. Wannan daidai ne. Sai dai wanda ya ƙera kwatamin ruwan da ke ƙasan injin bai yi lissafin iskar hunturunmu ba, iskar da ke tsattsage leɓe da dunduniya, wadda za ki shanya zane kafin ki gama wanke na biyu ya bushe. Kwatamin ƙanana ne, ruwan na ƙafewa cikin 'yan awoyi. Abin da ya fi muni, ma'aunin danshin da ke fuskar injin ƙari yake yi. Yana nuna mini 55, ni kuma hankalina kwance.

A zubin farko na sa ƙwai 40, na kajina da na maƙwabciyata. A kwana na takwas na kashe fitila na haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin ɗigo yana motsi. Wanda ba zakara kuwa fes yake, haske ya ratsa shi. Na cire tara, saura 31. Ranar 18 na cire mariƙin juyawa, na shimfiɗa tsumma don kada santsin roba ya wargaɗa musu ƙafa, na cika ruwa. Daren kwana na 20 na fara jin kukansu daga cikin ɓawo, wallahi ban yi barci ba. Amma 17 kawai suka fito. Sauran da yawa sun fasa ɓawon, bakin ya leƙo, suka tsaya a nan. Da na buɗe su daga baya, cikakkun 'yan tsaki ne, sai dai tantanin nan na ciki ya bushe ya naɗe su kamar leda, ba su iya juyawa ba. Laifin injin na nan, nawa ma na nan, don na riƙa ɗaga murfin ina leƙawa, kuma duk ɗagawa ɗaya danshin da ya taru yake tserewa.

Yayana da ya yi aiki a gonar kaji shi ya ce, "Ƙanwata, kada ki yarda da lambar da ke jikin inji. Sayi ma'auni na daban ki sa a ciki." Na saya, ƙarami ne mai nuna zafi da danshi tare. Zafin ya zo daidai da na injin, danshin kuwa ƙasa yake da abin da injin ke faɗa sosai. Ya kuma koya mini duban gurbin iskar da ke faffaɗan kan ƙwai. Gurbin na girma a hankali yayin da ruwan ƙwan ke raguwa, idan ya yi girma da wuri to bushewa ta yi yawa. A zubi na biyu na yanka soso na jera cikin kwatamin don ruwa ya samu faɗin da zai tashi, na riƙa ƙara ruwa mai ɗumi safe da rana da dare ta ramin da ke gefe, na mayar da injin ƙuryar ɗaki nesa da taga, na ajiye baho da ruwa kusa da shi. Daga kwana na 18 ban sake taɓa murfin ba. Ƙwan ma na zaɓa: wanda bai wuce mako da sakawa ba, ba wankewa, an ajiye tsinin a ƙasa. Cikin 48, guda 41 na da rai, 35 suka fito, baragurbi shida kawai.

Akwai ƙananan abubuwa. Ƙararrawarsa tana ihu kan abin da bai kai ya kawo ba, har tsakar dare. Wanke shi bayan ƙyanƙyasa na da wuya, ƙurar gashin 'yan tsaki na shiga fankar. Ƙwan kajin Hausa ƙanana ne, wasu na ɗan rawa a cikin mariƙin.

Ko zan ce a saya? Ga mai batir ko sola, kuma mai zama a gida da zai iya duba ruwa sau uku a rana, ƙwarai kuwa, amma a haɗa da ma'auni na daban tun ranar farko. Wanda ya dogara da wutar gida kaɗai ya haƙura, ya bar wa kaza aikinta.

Abin da mai shago bai gaya mini ba shi ne aikin inji yana ƙarewa ne ranar 21. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, to daga ranar ni ce kazar. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashi na gaske ya fito masa, uwa ce ke rufe shi da fiffike. Nakan bar su a injin har su bushe su yi laushi, kusan kwana guda, ba sa buƙatar abinci a lokacin saboda gwaiduwar da suka shanye kafin fitowa. Daga nan sai ɗakin reno. Na zagaye wuri da kwali, na zuba buntun shinkafa, na sa garwashin gawayi a tukunyar ƙasa a tsakiya, na ɗora ta kan bulo. Gawayin a waje nake hura shi har hayaƙin ya ƙare, kuma ina barin ƙaramar taga a buɗe ta sama, don iskar gawayi a rufaffen ɗaki tana kashe kaji, tana kashe mutum. Makon farko suna son zafi wajen digiri 33 zuwa 35, ana rage kamar digiri uku duk mako. Amma su da kansu sun fi ma'auni faɗar gaskiya. Idan sun cure jikin tukunya suna tsuwa, sanyi ne. Idan sun gudu gefe baki a buɗe, zafi ya yi yawa. Idan sun bazu suna tsattsaga, wasu na barci a miƙe, an dace. Ruwan farko mai ɗumi ne da ɗan sukari, na kuma zuba tsakuwa a kwanon don kada su jiƙe.

Fitar da su waje ne ya sake ci mini rai. 'Yan zubin farko, da suka kai mako huɗu, na ga fikafikai da baya sun rufe, ɗakin kuma ya fara wari, sai na kai su akurki su kwana. Ban lura kai da wuya da ƙasan fiffike har yanzu gashin jarirai ba ne. Daren ƙarshen Janairu ne, iska na kaɗawa. Da asuba na tarar sun tattaru a kusurwa ɗaya sun hau kan juna, huɗu na ƙasa sun mutu. Ba sanyin kaɗai ya kashe su ba, danniya ce. Ranar na yi kuka, don ni na ɗauke su da hannuna na kai.

Na biyun a hankali na bi da su. Daga mako na uku nake fitar da su da hantsi, bayan hazo ya ɗaga, wajen ƙarfe sha ɗaya, su yi awa ɗaya a kejin waya mai rufi saboda shirwa da kyanwa. Kejin a jikin katanga nake sa shi, inda iskar arewa maso gabas ba ta bugowa, rabi a rana rabi a inuwa. Kullum ina ƙara lokaci. Na fara daina sa musu garwashi da rana tukuna, na dare na bari. A mako na biyar suna wuni a waje, amma kafin la'asar sakaliya na mayar da su, domin sanyin hunturu da faɗuwar rana yake saukowa lokaci ɗaya. Sai da suka cika mako shida, kai da wuya suka rufe, sannan suka kwana a akurki. Kafin nan na rufe ɓangaren iska da buhu da zana, na bar sama a buɗe, na lanƙwasa kwali a kowace kusurwa don kada su samu lungun curewa, na ƙara kaurin buntu. Daren farko da na biyu na ajiye musu tukunyar garwashi kaɗan, na fito sau biyu na duba. Ban rasa ko ɗaya ba. Gaskiya lokacin ma ya taimaka, don zuwa Maris sanyi ya ja baya.

Ban haɗa su da manyan kaji ba sai da aka gama rigakafi. Duk mai kiwo ya san hunturu ne lokacin annobar nan ta Niyukasil, mai sa kore ko farin zawo da murɗewar wuya, wadda kan share kajin unguwa cikin mako. Likitan dabbobi ya rubuta mini ranakun rigakafin cutar Gumboro da na Niyukasil mai suna Lasota, na bi su. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin 'yan tsakina, don haka muka haɗu mu uku a layinmu muka raba. Maganin a cikin ƙanƙara ake ɗauko shi, a dama da ruwan da ba shi da kulorin, a ba su su shanye nan take. Ya kuma gaya mini cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke jihar Filato tana yin wani nau'in rigakafin Niyukasil mai suna I-2, wanda ya fi jure zafi, an yi shi ne domin kajin gida irin namu.

Yanzu injin na wanke a cikin kwalinsa. Ina jiran damina, lokacin da zabi ke saka ƙwai. Nasu kwana 26 zuwa 28 ne, a daina juyawa kwana uku kafin nan, kuma ɓawonsu ya fi na kaza tauri, sai tocila mai ƙarfi ke ratsa shi. Inna a ƙarƙashin kaza take sa su, don zabuwa ba ta da haƙurin reno. Na riga na yi magana da wata ƙanwar babana a ƙauye ta tara mini na mako ɗaya idan ruwa ya zauna.