Injin faskare: mai haidirolik ko mai filawil?

Salam 'yan uwa. Wani ɗan uwa ya ce yana da injin zarto na yanka gungume, yanzu na faskare yake so ya ƙara amma ya rasa wanne zai ɗauka tsakanin mai haidirolik da mai filawil, ga nawa ganin.

Mai haidirolik dai famfo ne ke tura mai cikin silinda, fistin ya riƙa danna gungumen kan weji, wato ƙarfe mai kaifi kamar bakin gatari, a hankali har ya tsage. Da tan ake auna ƙarfinsa, ƙananan na lantarki tan 5 zuwa 7, masu fetur kuma 20 har sama da 30. Zuwa da dawowa yakan ci sakan 10 zuwa 15, in kana da tulin itace a gabanka wallahi sai ka ji kamar ka taya shi turawa. Mai filawil kuwa ƙarfin a cikin juyin faifan ƙarfe mai nauyi, wato filawil ɗin, yake taruwa, kana jan liba haƙoran giya su kama sandar da ke tura gungumen su harba ta, sakan 2 ko 3 an gama ta dawo.

To a nan mutane ke ruɗuwa, sai su ga bidiyo ana fasa miƙaƙƙen icce tas tas su ce shikenan. Ka kai masa gungume mai gaɓa, ko wurin da reshe biyu suka rabu, ko wanda zarensa ya murɗe ka gani, bugu ɗaya yake da shi, in bai fasa ba sai ka jira filawil ya sake ɗaukar gudu ka ƙara, wani lokacin sau uku, ga haƙoran giya suna cin wuya. Shi mai haidirolik ba ruwansa, famfon yawancinsu mataki biyu ne, da ya ji tauri sai ya rage gudu ya ƙara ƙarfi, kana jin iccen yana ƙara yana buɗewa kaɗan kaɗan. Kuma da yawa ana iya miƙe su tsaye, ka mirgino ƙaton gungume a ƙasa ba sai ka ɗaga ba, bayanka zai gode maka.

Wajen gyara mai filawil ya fi sauƙin sha'ani, bel ne da giris da share ɓawo a kan layin. Ɗayan akwai canjin mai da filta, tiyo na tsufa, sil na yoyo, lokacin sanyi kuma man ya yi kauri sai ka bar shi ya ɗumama. Don Allah in tiyo na yoyo kar ka lalubi ramin da hannu, matsin yana kai 3000 psi (ma'aunin matsi ne), man na iya huda fata ya shige nama, kwali ake sa wa a gano inda yake yoyo.

Ni dai in itacenka gauraye ne, abin da ya samu kake yankowa, ɗauki haidirolik mai tan 20 zuwa sama. Filawil sai mai miƙaƙƙen icce matsakaici da kuma mai miƙo masa, don kai kaɗai ba za ka iya ciyar da shi da saurin da yake ci ba. Ko wanne ka saya, wanda ya ɗora iccen shi zai ja liba, ka riƙe gungumen ta gefe ba ta baki ba, kuma tun wajen zarto ka yanke bakin daidai, mai karkace zillewa yake in an danna shi.