Notre-Dame ko Sainte-Chapelle, wanne za ka shiga?

Duka biyun tsofaffin coci-coci ne. In lokacinka a Paris kaɗan ne, ni dai Sainte-Chapelle zan ce maka. Notre-Dame kyauta ake shiga, tun da aka sake buɗe ta a Disamba 2024 bayan gobarar 2019 bangonta fes yake kamar sabo, amma jama'a kam sai haƙuri. Ita Sainte-Chapelle ƴar ƙarama ce, da tikiti ake shiga kuma sai an caje jakarka saboda a harabar kotu take, amma kana hawa matsattsen benenta sai ka ga gilasai masu kala sun zagaye ka, tagogi 15 dogaye, ja da shuɗi, ginin 1248 fa! Ka je ranar da akwai rana sosai. Tsakaninsu ma ƴar tafiyar ƙafa ce.