Sharhina kan ajin makamai da kulob ɗinmu na karate ya buɗe

Jama'a tunda wasu sun dame ni da tambaya ko ajin makaman nan ya cancanci mutum ya biya ya shiga, bari in faɗi abun da na gani da idona bayan 'yan watannin da na yi a ciki. A taƙaice dai eh ya cancanta, amma akwai abubuwan da suka ɓata min rai kuma zan faɗe su, sunan kulob ɗin ne kawai ba zan kama ba.

Abu biyu ake koyarwa. Na farko doguwar sandan nan ta mutanen Okinawa a Japan da ake kira bo, tsawonta kusan santimita 182, tsakiyarta ta fi kauri sai ta ɗan sirance ta bakin nan biyu. Tana cikin makaman kobudo, wato faɗan makamai na gargajiyar Okinawa, ita da ɗan makamin ƙarfe mai yatsu uku da ake kira “sai”, da tonfa (gajeriyar sanda mai mariƙi a gefe) da nunchaku (gajerun sanduna biyu haɗe da igiya ko sarƙa) duk gida ɗaya suke, kuma kocinmu a layin Taira Shinken ya yi karatu, mutumin da ya kafa ƙungiyar adana kobudo a 1955 ya bi ya tattara kata ɗin da suka kusa ɓacewa, wato jerin motsin faɗa da ake haddacewa. Na biyu gajerun sandunan arnis na Filifin, na ratan (wani itace mai kama da gora), kowace kamar santimita 70, wasan da ƙasar ta yi wa doka a 2009 ya zama wasan faɗanta na ƙasa. A nan tsarin kusurwoyin kai sara 12 na malamin arnis Remy Presas muke bi.

Inda ajin ya burge ni sosai wajen tsayuwa ne. Wallahi mutum zai yi shekaru yana karate hannu wofi yana ganin ƙafarsa ta zauna, ranar da aka miƙa masa bo ya kai sara ɗaya da ƙarfi sai ka ga diddigensa na baya ya ɗaga, kai ya wuce gwiwa, yana tangaɗi yana neman inda zai dafa. Dalili a fili yake, nauyin sandan yana can nesa da jikinka, in ka wurga shi sai ya ja ka, duk ɗan kuskuren da hannu wofi ke ɓoyewa sanda sai ta tona shi. Koci ya san da haka shiyasa da farko ma ba ya bari ka sari komai, sai dai ka ɗora sandan a kafaɗa ka rataya hannaye a kai ka yi ta taku gaba da baya kana juyawa, in kafaɗa ɗaya ta faɗi ko ƙugu ya karkace kowa a ɗakin zai gani tunda bakin sandan ya nuna ƙasa. Daga nan tsayuwa da ƙafa ɗaya ido a rufe, wanda na ɗauka wasa ne sai da na gwada. Ya ce mana jiki da abu uku yake riƙe kansa, ido, da wani sashe a can cikin kunne, da kuma saƙon da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke aikawa ƙwaƙwalwa, in ka rufe ido ka cire ɗaya sauran biyun dole su tashi tsaye. Maganarsa kullum ita ce “sauke ƙugu, sanda ta biyo ka, kar ka bi ta”. Ni dai na ga amfanin wannan har a karate ɗina na yau da kullum, harbin ƙafa na gefe da da nake dawowa ina gyara tsayuwa yanzu ƙafar tana sauka inda na ce ta sauka.

Sai maganar lokaci, nan ne fa ake raba wanda ya iya da wanda ya haddace. Ɗan adam kafin idonsa ya ga abu jiki ya motsa yana cin wajen kashi ɗaya bisa biyar zuwa ɗaya bisa huɗu na daƙiƙa, to bakin sandan ratan in mai hannu ya sake shi daga kusa bai ba ka wannan sararin, in kana kallon sandan ne ta riga ta same ka. Sai aka koya mana kallon ƙirji da kafaɗa, da yadda nauyin abokin atisaye ke komawa ƙafar gaba kafin hannu ya taso. Akwai lokacin da za ka tare sannan ka rama, Japanawa na ce masa go no sen, akwai kuma wanda kana ganin ya taso kai ma ka shiga ku haɗu a hanya, sen no sen, kuma duk ba sa yiwuwa in tazararka ba daidai ba, rabin taku kawai ya isa ya sa sara ya wuce ta gaban hancinka ko ya sauka a kunnenka. Abun da na fi so da kocin shi ne in ya ga kun saba da ƙirgen “ɗaya, biyu, uku” sai ya zo ya karɓi sandan abokinka ya riƙe na biyun na ɗan lokaci kaɗan, sai ka ga ka tare iska, shi kuma ya ɗora maka a kafaɗa a hankali yana dariya.

To yanzu ƙorafi. Atisayen sinawali, wanda mutum biyu ke saƙa sanduna huɗu suna haɗuwa kwas kwas kwas, ana ba shi lokaci fiye da kima. Yana da daɗi kam, yana buɗe hannun hagu, amma in aka daɗe sai ya koma kiɗa, kowa yana neman sandan ɗan uwansa maimakon kai ko wuyan hannu, su ja baya har inda ko ɗaya ya sauke sandansa ɗayan ba zai taɓa shi ba. Koci yana gyarawa in ya gani, amma mun yi masa yawa, shi kaɗai ne. Yawan nan kuma haɗari ne, bo tana son fili, mutum ya juya da santimita 182 a hannu na bayansa yana kusa ai sai Allah ya kiyaye, an sha kaucewa da ƙyar. Kwalkwali da safar hannu masu kauri ba su isa kowa ba sai an yi layi, yatsu kuwa su ne farkon shan duka a arnis, nawa sun kumbura ba sau ɗaya ba. A tallan da suka yi har da makamin “sai” da tonfa, har yau ko a hannun koci ban gan su ba. Kata ɗin bo mai suna Shushi no Kun ma an ruga da mu, mun haddace motsi amma fassarar kowane motsi da abokin atisaye kaɗan aka taɓa, ga kuma ƙarshen aji da wasu ke mayarwa lokacin wulwula sanda ana ɗaukan bidiyo da waya don TikTok, wannan kam ni ba ya cikin abun da na zo nema.

Kayan da kulob ɗin ke sayarwa, sandunan ratan ɗin ba laifi, ratan in ta gaji zarewa take yi zare zare ba ta fashewa ta watso sartse kamar katako, kana naɗe wurin da tef ka ci gaba. Bo ɗin ce matsala, katako ne mai kyau da nauyi amma sun lafta mata fenti mai sheƙi, da gumi ya zo sai ta riƙa kama tafin hannu ta hana zamewa, ga bororo. Sai da na bi ta da sanfefa na goge fentin na shafa mata ɗan mai sannan ta yi daidai. Kar kuma wani ya yaudare ka da siraran bo marasa nauyi da ake wasan nuni da su, ba a yi su don haɗuwa da wata sanda ba, karo ɗaya mai kyau sun tashi aiki.

Wanda bai taɓa kowane wasan faɗa ba zai iya shiga, sai dai wanda ya riga ya san tsayuwa zai fi saurin kwasa. In kana da ciwon wuyan hannu ko kafaɗa faɗa wa koci tun ranar farko ya ba ka sanda mara nauyi. Kafin ka yi rajista a ko'ina ne ma, roƙi a bar ka ka zauna ka kalli aji ɗaya, ka duba ko masu atisaye suna kai sara inda jiki yake, ka ƙirga kwalkwali ka ƙirga ɗalibai. Ni zan ci gaba da zuwa, amma mun haɗu mu kaɗan mun roƙi a raba ajin gida biyu, na bo daban na arnis daban, sun ce za su duba.