Ajin Turancin WhatsApp ɗin nan: wata guda na yi, ga abin da na gani

Na shiga ajin ne saboda rahotannin da muke rubutawa a makarantar koyon lafiyar dabbobi, Turancina na ba ni kunya. Ajin na kuɗi ne, wata-wata ake biya.

A mako na biyu aka ba mu aikin kwatanta kaza. Ni kuwa na rubuta cewa hair ɗinta ja ne. Ai gashi ne, ko? Gashin kai, gashin tunkiya, gashin kaza, duk gashi muke cewa. Na zaci malamin zai ja jan layi ya wuce, sai ga saƙon murya mai tsawo. Wallahi shi kaɗai ya fanshe kuɗina. Ya ce in ɗauki hair kamar uwa mai 'ya'ya: fur na kyanwa, wool na tunkiya, mane na wuyan doki, whisker na gefen bakin mage. Amma feather, wato gashin tsuntsu, ba ɗanta ba ne, gidansa daban. Sannan ya ba ni ma'auni: in ce "wannan wani nau'in wancan ne", sai in juya maganar in ga ko za ta tsaya. Kowane talon na shaho claw ne, wato farcen dabba, amma ba kowane claw ne talon ba, domin na kyanwa ba a kiransa haka. Hauren giwa, tusk, haƙori ne, saboda haka yana ƙarƙashin tooth. Nan na gane ashe mu ma muna da abin: kofato da dagi duk ƙafa ce, kawai ba mu taɓa zama mun lissafa ba. Ranar har abokai uku na tura wa lambarsa.

To, sai aka zo kan ƙaho. Malam ya jera antler a ƙarƙashin horn. Na ce Malam, a gafarce ni, wannan fagena ne. Ƙahon saniya ƙashi ne a ciki, an lulluɓe shi da irin abin da ke yin farce, kuma ba ya faɗuwa. Antler kuwa, na dabbar nan deer mai kama da barewa, ƙashi ne zalla mai rassa, duk shekara yake zubewa wani ya tsiro. A bakin mutanen gari ana iya haɗa su, amma wanda zai rubuta rahoton dabbobi ba zai haɗa ba. Na rubuta masa cikin ladabi, ya karanta, alamar ta yi shuɗi, shiru. Kwana huɗu.

Da na tuna ma, tun farko haka yake: tambayar da ya san amsarta yakan zuba bayani, wadda ta ƙure shi sai ya yi kamar bai gani ba. Saƙon da ya biyo bayan shirun nan shi ne na tunin kuɗin wata mai zuwa. Ban biya ba tukuna, abokan nan uku kuma na ce su dakata.